Alƙiblar Alfa Bonkana

Sabukoira, Litinin 20 ga Afrilu 1998, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Ina zaune a rumfar gidan maigari, takardar tana kan akwatin na'urata ta awon ƙasa domin babu tebur.

Zuwa ga yayata Agaishatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar Baba, kumburin ya sauka? Yaya maigidanki da yara, yaya zafin Gao? Ni lafiyata lau, sai kewarku.

Na iso ranar Alhamis bayan awa shida da rabi a jirgin ruwa, mun kafe a yashi sau uku saboda kogi ya ja baya. Dabinon da kika ƙulla mini ya yi rana. Na gode, Yaya, da shi da sauran abubuwan da ba za su ƙirgu ba tun daga ranar da kika kai ni makaranta kina riƙe da kunnena.

Maigari, Amiru Albashar, dattijo ne mai kimanin shekara saba'in, ya sauke ni a ɗakin baƙinsa, kullum sai ya tambaya ko na ƙoshi. Aikin da ofis ya turo ni shi ne auna filin tsohon masallaci. 'Yan garin da ke fatauci a Kumasi suna so a rushe shi a gina na siminti, wakilinsu Alhaji Sadu yana nan. Sauran jama'a ba sa so. An ce in auna fili kawai, tsawo da faɗi, sannan manya su zauna.

Da kin ga masallacin, Yaya. Na laka ne, kaurin bangonsa mita ɗaya da santimita ashirin, cikinsa sanyi kamar randa. Wanda ya gina shi Alfa Bonkana ne, mutumin da ya fara kawo salla garin. An ce a kwale-kwalen gishiri ya zo, ya tarar masunta da makiyaya suna zubar da jini a kan ciyawar bakin kogi. Ya raba musu watanni, waɗannan nasu, waɗannan nasu, kuma har yau da rabon nan ake aiki. Daga nan suka ɗora masa shugabanci yana ƙi. Shekara talatin da ɗaya yana limanci yana shari'a, abincinsa daga gonarsa. In aka kama kifin farko na shekara, har gobe sai an kai wa marasa lafiya kafin kowa ya taɓa, dokarsa ce. Mutanen nan in za su yabi mai kirki sai su ce, bai tura ƙofar kowa ba, kamar Alfa. Limamin yanzu, Liman Zurkalaini, jikansa ne na wajen goma sha wani abu, mutum mai sanyin magana, shekararsa arba'in da huɗu. Shi ya riƙe mini bakin igiyar awo da hannunsa.

A kusurwar kudu maso gabas akwai wani tsohon gida manne da bangon masallacin, na wata tsohuwa daga dangin masunta, Inna Gambi. Tun da ta ga na'urata a tsaye kan ƙafafunta uku take kirana Mai-ƙafa-uku. Ta ce ta taɓa aure uku amma ba ta taɓa samun miji mai ƙafa biyar ba, in shirya sadaki. Jiya ta aiko mini da kifi banda.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Da na gama awon fili, sai na ce bari in duba fuskar masallacin, tunda na'ura tana tsaye. Alƙiblar garin nan digiri saba'in da shida ce daga arewa. Bangon mihrabi yana kallon digiri casa'in da huɗu. Sau biyar na sake, safe da yamma. Ya karkace dama da digiri goma sha takwas, kuma layukan kafet ɗin da ake sahu a kai suna bin bangon. Na tambayi Amiru ko an taɓa sake ginin. Ya ce bangon nan tun na Alfa ne, yaɓe kawai ake yi duk shekara. Na rubuta abin da na gani a layi biyu a ƙarshen rahotona, ko da yake ba a tambaye ni ba. An koya mana cewa mai awo ba ya ɓoye lamba. Na yi daidai ko, Yaya?

Ki gaida Baba, ki ce masa ina salla a kan lokaci.

Ƙaninki,
Sagaidu

Sabukoira, Laraba 6 ga Mayu 1998, ƙarfe biyu da rabi na rana.

Yaya Agaishatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Baba da duk gida. Wasiƙarki ta zo hannun mai jirgi ranar Lahadi. Na karanta inda kika ce tun ina yaro ba na iya cin shinkafa sai na ƙirga ta. Na yi dariya, kuma ita ce dariyata ta farko a mako biyu.

Layi biyun nan sun jawo abin da ban zata ba. Ranar Juma'a 24 ga Afrilu aka karanta rahoton a gaban manya. Alhaji Sadu ya sa aka maimaita ƙarshen, sannan ya miƙe ya ce shi dama ba gaba yake da kakanni ba, amma ga ɗan boko da na'ura ya tabbatar ɗaruruwan shekaru garin nan yana kallon wani wuri daban. Ya dafa kafaɗata ya kira ni ɗan albarka. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Waɗanda suke kare masallacin duk suka ja da baya, domin wa zai tsaya ya ce a bar alƙibla a karkace? Aka yanke za a fara rushewa Asabar 30 ga Mayu, kafin ruwan sama. Amiru yana ta jan carbi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunan Alfa. A bakin kasuwa na ji wani matashi yana tsokanar abokinsa da ya ɗaura rawani a gicciye, wai ya yi ɗaurin Alfa Bonkana. Mako uku da suka wuce ba mai iya furta haka. Liman ya rame. Yana jan salla, amma murya ba ta fita, kuma matarsa ta gaya wa matar Amiru cewa kwanonsa yana komowa yadda aka kai. Na je ba shi haƙuri, sai shi ya koma ba ni. Ya ce, "Ɗana, ba kai ka karkatar da shi ba. Zauna ka sha shayi." Ya zuba mini da kansa. Ban san yadda ake gode wa irin wannan mutum ba.

Na sake awon sau huɗu, ina addu'a a ce kuskurena ne. Na duba ko ƙarfen da ke jikin ƙofa ne ya ja allurar kamfas, na bar kamfas na auna da rana. Lambar ba ta motsa ba.

Yanzu ofis ya ce in zauna in fitar da filin sabon gini a kan alƙibla daidai. Na zana a takarda. In aka miƙar da bangon, kusurwar kudu za ta shiga gidan Inna Gambi da mita huɗu da rabi, wato ɗakinta da wurin bandar kifinta. Ba a gaya mata ba tukuna. Ni aka ce in je in kafa turaku. Har yanzu tana aiko mini da kifi, ni kuwa na kasa ci.

Ki sa ni a addu'a. Kada ki gaya wa Baba, hankalinsa zai tashi.

Ƙaninki,
Sagaidu

Sabukoira, Talata 19 ga Mayu 1998, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe. Hannuna duk ƙasa ne, ki yi haƙuri da tabon takardar.

Yaya Agaishatu,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya yara, yaya jikin Baba? Ina lafiya, kuma yau na ci abinci har na nemi ƙari.

Kwana goma sha ɗaya ina kewaye gidan Inna Gambi kamar mai tsoron kare. Shekaranjiya Lahadi, bayan la'asar, na ɗauki turaku na yi sallama. Na tarar tana juya kifi a kan wuta. Ta dube ni ta dubi turakun, ta ce ashe angon ya zo da kayan lefe. Na durƙusa na faɗa mata komai, ina in'ina. Ba ta fasa juya kifinta ba. Da na gama ta ce, "Mai-ƙafa-uku, bango ka auna. Wa ya ce maka bango ake bi?"

Ga abin da ta ba ni labari, na rubuta shi a littafina tun a gabanta. Lokacin da Alfa zai gina masallaci, filin da aka ba shi ya ƙare a jikin gidan wata macen masunta, kakar kakanninta. Matar ba ta karɓi addinin ba, kuma ta ce ba za ta matsa ko taki ɗaya ba, a nan aka binne cibiyar 'ya'yanta. Almajiransa suka ce a ɗage ta, ai shi ne shugaba. Alfa ya hana. Ya ja bangon ya kauce wa gidanta, sannan ya sa aka kwaso baƙaƙen duwatsu daga kogi ya dasa su a ƙasa: layi ɗaya dogo daga inda liman yake tsayawa, ya ratsa masallaci ya fita farfajiya, wasu layuka kuma suna gitta shi, su ne sahu. Mutanen gidansu suna kiransa ƙashin kifi. Da matar ta ga abin da ya yi, sai ta riƙa kawo yashin kogi mai tsabta tana zubawa a masallacin, tana share kan duwatsun su fito. Aikin ya zama gadon matan gidan. Inna Gambi ta yi shi da uwarta, sannan ita kaɗai, har shekarar da aka kawo kafet.

Shekarar 1961 ce, bayan samun 'yancin kai. 'Yan Kumasi na farko suka aiko da kafet mai layuka, kyautar da garin bai taɓa ganin irinta ba. Da aka zo shimfiɗawa aka ga in za a bi duwatsu sai an yanke kusurwoyinsa. Kin san mu da kyautar ɗan da ke nesa, wa zai sa mata wuƙa masu kawowa suna tsaye? Sai aka ce a shimfiɗa shi bin bango, a bari sai baƙi sun koma. Baƙi suka koma, kowa ya jira wani ya fara magana. Da farko manya suna ɗan juyawa hagu a kan kafet ɗin, yara suna bin layi. Manya suka ƙare. Kafet ya tsufa sau biyu, ana sake wani ana shimfiɗawa yadda aka tarar.

Na tambaye ta me ya hana ta magana tun ranar Juma'ar nan. Ta ce ita mace ce, kuma 'yar masunta, ba a kiranta zaman manya. Ta ce kuma akwai wanda ya riƙe bakin kafet ɗin da hannunsa a ranar, shi da wansa da ya kawo kafet ɗin daga Kumasi, tana ba shi lokaci ya faɗa da kansa, don tare suka yi wasan ƙasa. Ba ta ambaci suna ba. Ban buƙaci ta ambata ba, a gidansa nake kwana.

Jiya da safe na sami Liman na gaya masa. Shekararsa bakwai lokacin, bai tuna komai ba sai ƙanshin sabon kafet. Muka naɗe gefe ɗaya bayan kowa ya watse, muka tona da hannu. A zurfin santimita ashirin da biyu yatsana ya taɓa dutse. Baƙi ne, mai santsi, faɗin tafin hannu. Sai na biyu, sai na uku. Liman ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa da gefen rawani, ni kuma na fita na ba shi wuri.

Yau mun tone layin har farfajiya. Na auna: digiri saba'in da bakwai. Digiri ɗaya tak tsakaninsa da lissafina, Yaya, mutumin da ba shi da na'ura.

Saura mutane su yarda. Alhaji Sadu ya ce na'urar da ta ce karkatacce jiya ita ce ta ce daidai yau, to wanne za a kama? Gaskiyarsa ce. Amma malaminmu na makarantar awo ya koya mana cewa ranar 28 ga Mayu, da ƙarfe tara da minti goma sha takwas agogonmu, rana tana tsaye daidai bisa Ka'aba. A wannan minti inuwar duk abin da ke tsaye tana kwance a kan layin alƙibla. Na roƙi manya su taru ranar su gani da idonsu. Kwana biyu ke nan kafin rushewa. Yanzu fargabata gajimare, jiya an yi hadari ta gabas.

Ƙaninki mai godiya,
Sagaidu

Sabukoira, Alhamis 28 ga Mayu 1998, ƙarfe goma sha biyu da minti biyar na rana, a zauren Liman. Mai jirgi zai tashi bayan azahar.

Yaya Agaishatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da maigidanki da yara, da fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Alhamdu lillahi, Yaya. Bari in bi miki shi daki-daki.

Na daidaita agogona da rediyo da ƙarfe bakwai. Ƙarfe takwas na kafa sanda mai tsawon mita uku a kan layin duwatsun farfajiya, nesa da inuwar bango, na miƙar da ita da zaren magini mai dalma. Da akwai gajimare siriri, amma kafin takwas da rabi ya wuce. Farfajiya ta cika, mata suna kan katanga da bakin ƙofa. Inna Gambi ta sa an kawo mata kujera har gaba, ta ce ita amarya ce yau, kowa ya matsa.

Da ƙarfe tara inuwar tana gefen duwatsun. Alhaji Sadu ya ce to, ɗan boko, ko rana ma ta makara? Aka yi dariya. Na riƙa tunanin ko na rikita ranar, ko agogona ya tsaya. Inuwar tana matsowa a hankali, ba a ganin tafiyarta sai an ɗauke kai an dawo. Da tara da minti goma sha takwas na ɗaga hannu. Ta kwanta a kan duwatsu goma sha ɗaya a jere, ba ta sauka daga kan ko ɗaya ba.

Amiru ne ya fara motsi. Ya miƙe da sandarsa ya ce, "Ni na shimfiɗa kafet ɗin nan, ni da wana, Allah ya ji ƙansa. Na san da duwatsun. Kunya ce ta riƙe ni shekara talatin da bakwai, har na kusa bari a rushe ɗakin Allah da ɗakin Gambi saboda ita. Ku yafe mini." Inna Gambi ta ce masa, "Albashar, tun kana yaro kake da jinkiri. Amma ka iso." Ya nemi wuƙa. Aka miƙa masa ta yankan kifi daga gidanta, ya shiga ya durƙusa da ƙyar, ya yanke kusurwar farko da kansa.

Wani ya tambayi Liman matsayin sallolin da aka yi a baya. Ya ce wanda ya yi iyakar saninsa Allah ba ya tozarta sallarsa, kuma ya yi maganar da muryar da na fara saninsa da ita. Manya suka janye maganar rushewar ranar Asabar. Alhaji Sadu ya daɗe a tsugune yana shafa duwatsun. Bai ce ya yarda ba, ya ce zai rubuta wa Kumasi, kuma ya nemi in zana masa hoton layukan ya haɗa da wasiƙar. Yanzu haka matan gidan Inna Gambi suna ɗauko yashi daga kogi a ƙwarya, azahar ɗin yau a kan duwatsu za a yi ta.

Na rubuta wa ofis gyaran rahotona. Na ce lambata daidai ce, amma abin da na auna ba shi ne abin aunawa ba, kuma laifin nawa ne. Ban san wa zan fara gode wa ba a garin nan. Na cuce su da layi biyu, ba wanda ya hana ni ruwa ko gaisuwa. Har Alfa nake yi wa addu'a kamar na san fuskarsa.

Ki gaya wa Baba komai yanzu. Ki shafa mini kan yara. In Allah ya yarda zan zo kafin kogi ya cika.

Kin san halina, ba na rufe aiki sai na rubuta abin da ban tabbatar ba. Ban san shekarar da Alfa ya zo ba, wasu sun ce ɗari huɗu, wasu ɗari biyar. Ban san inda ya fito ba, ban san kabarinsa ba, domin ya hana a sa masa alama. Ban san yadda ya gano alƙibla ba, ko da taurari, ko ya taɓa zuwa Makka, ko shi ma ya jira rana irin ta yau. Ban san amsar da za ta zo daga Kumasi ba, ko abin da shugabana zai ce da gyaran rahoto a aikina na farko. Ban san sunan matar da aka kauce wa gidanta ba, ya ɓace har a gidansu. Ban kuma san ko ta taɓa yin salla a masallacin da ta share har ƙarshen ranta ba. Na tambayi Inna Gambi da littafina a buɗe. Ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma in Alfa da yake maƙwabcinta shekara talatin bai tambaye ta ba, ni ma in rufe littafin.

Ƙaninki,
Sagaidu